Ni da Kai a Layin Ƙarin Jini

Assalamu alaikum, Kamilu ɗana.

Ina gaishe ka daga Gwaram, tare da addu'ar Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya, ya sa ka tarar da Kawunka Haruna da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa albarka a cikin gyaran wayar da za ka koya a hannunsa.

Na zaɓi in rubuta maka ne saboda na san halina. In na zaunar da kai zan yi magana, kuka zai riga ni, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "To Inna, na ji," alhali ban faɗi komai ba. Yatsuna ba sa jure biro kamar da, kaɗan-kaɗan nake rubutawa ina ajiyewa. Zan ba Babanka ya miƙa maka a tashar Birnin Kudu. Kada ka karanta a mota, ka bari sai ka sauka ka huta.

Ni da kai ciwo ɗaya muke ɗauke da shi. Da sikila aka haife ni, da ita na haife ka. Tun lokacin da ɓarin jikinka ya shanye kana ƙaramin ɗan firamare, likitoci suka ce sai an riƙa ƙara maka jini duk wata don kada abin ya maimaita, muke bin hanyar asibitin Birnin Kudu a motar hayar Babanka. Daga baya ni ma aka sa ni a layin. Kai a ɗakin maza, ni a ɗakin mata, Babanka a kan benci a waje. Yanzu za ka shiga wani layin a wani gari, ba ni, ba shi. Ban da dukiyar da zan haɗa ka da ita. Abin da nake da shi sai kurakuran da na yi da wannan ciwo, kuma suna da yawa.

Ranar da kake haɗa kaya na ji abin da ka faɗa wa Babanka a zaure. Ka ce, "Baba, abin da ya fi min daɗi, a Kano ba wanda ya san ni. Ba wanda zai nuna ni ya ce ga mai sikila nan." Ni kuwa ina tsakar gida sai da na nemi wuri na zauna, don na san inda wannan maganar take kai mutum.

Da za a kawo ni gidan nan daga Fagam, mahaifiyata, kakarka, Allah ya ji ƙanta, ta ja ni ɗaki ta ce, "Rabi, wannan amosanin naki ki bar shi a cikinki. Kada ki bari su gane su dawo mana da ke." Ba mugunta ta yi ba, tsoro take ji. Na ji maganarta. Na zo gidan miji ina daka, ina surfe, ina ɗebo ruwa, ina kai abinci gona kamar kowace amarya. In ciwo ya taso na shiga ɗaki in cusa bakin zane a bakina in ciza har ya lafa. Goggo, mahaifiyar Babanka, tana ganin ina yawan kwanciya sai ta ɗauke ni raguwa. Takan ce, "Yarinyar nan dai ta Fagam barci ta zo yi." Na gwammace a kira ni raguwa da a kira ni mara lafiya.

Azumin farko da na yi a gidan nan ya faɗo cikin damina. A gidanmu ba a barina in yi azumi, kuma malamin garinmu ya sha gaya wa mahaifina cewa Allah ya yi wa irina sauƙi. Amma a nan wa zan gaya wa? Na ɗauka. Wata rana na kai wa masu noman gyaɗa iri a gona, ruwa ya kama ni a hanyar dawowa, na jiƙe sharkaf, ga ƙishirwa. Na dawo na ɗauki taɓarya don Goggo na jiran gari. Abin da na sani ke nan. Na farka a asibitin Birnin Kudu, ledar jini rataye a kaina. Ina jin likita yana tambayar Babanka, "Tun yaushe take da sikila?" Babanka ya ce, "Sikila kuma?"

Da aka sallame ni, Babanka ya ɗauko ni daga Birnin Kudu har muka kusa shiga Gwaram. Ya tsayar da mota a gefen titi, ya kashe, ya ce, "Rabi, da kin mutu a gindin turmi, me zan ce wa Allah? Ni na sa ki aikin nan ban sani ba." Bai mayar da ni Fagam ba. Goggo da ta ji, ta zauna ta yi kuka, kuma daga ranar ba ta sake barina na taɓa taɓarya ba har ta bar duniya. Abin da kakarka ta ji tsoro bai faru ba. Abin da ya faru shi ne kwatangwalona na hagu ya fara lalacewa tun daga wannan kwanciyar, kuma ga ni yau da sanda.

Don haka ka faɗa. Ka gaya wa matar Kawunka, ka gaya wa wanda za ku riƙa zama tare a shago, ka gaya wa wanda za ku kwana ɗaki ɗaya. Ba cewa na yi ka tara mutane ka yi musu shela ba. Amma wanda zai iya tsintar ka a ƙasa ya kamata ya san abin da ke damunka da inda zai kai ka. Ka koya musu: in suka ga leɓenka ya yi fari, ko maganarka ta fara sarƙewa, ko abu ya suɓuce daga hannunka ba dalili, kada su tsaya yayyafa maka ruwa. Wasu za su canja maka fuska, ba zan yi maka ƙarya ba. Wani zai daina cin abinci kwano ɗaya da kai don jahilci. Zai yi maka zafi, amma ba zai kashe ka ba. Ɓoyewa tana iya yi.

Yanzu zan yi maka maganar yayarka. Ka san an yi ta, ka san ta rasu kafin a haife ka, amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka yadda aka yi ba.

Ita ce 'yar farina. Tana rarrafe hannayenta da ƙafafunta suka fara kumbura, ta yi ta tsala ihu in an taɓa ta. Na san abin da nake gani, ai jikina ne. A asibiti suka auna ta, suka auna Babanka, suka ce shi ma yana ɗauke da rabin abin a jininsa ko da yake ba ya ciwo. Suka gaya min in lura da cikinta: in saifa ta kumbura, tafin hannunta ya yi fari, in kawo ta nan take, jini take bukata.

Tana 'yar shekara uku haka ranar ta zo. Da safe ta ƙi kunu, ta kwanta a cinyata, cikinta ya yi tauri a gefen hagu. Na buɗe tafin hannunta, fari kamar an wanke. Babanka ya ɗauki shatar kaya zuwa Kano tun asuba, kuma a lokacin waya ba ta yawaita ba. Matan unguwa suka taru. Wata tsohuwa ta ce saifa ce kawai, a kira wanzami ya yi mata tsaga, haka aka yi wa 'ya'yanta duka. Wata ta ce jinin asibiti ba a san na wane ne ba, yaro yakan ɗauko halin mai jinin. Ni da aka taɓa ƙara wa jini, ni da na san ƙarya ne, na yi shiru. Ina jin nauyin in tashi a gaban manya in ce ba haka ba. Ina kuma jin nauyin fita daga gida ba izinin miji. Na ce a raina bari Babanta ya dawo. Aka kira wanzami, ya yi mata tsaga a ciki. Ko kuka ba ta yi sosai ba, sai wani ɗan nishi. Matan suka ce, "Kin ga, har ta samu sauƙi."

Bayan la'asar na kasa jurewa. Na goye ta, na ɗingisa zuwa tasha, na shiga motar da ta rage mutum biyu ta cika. Muka zauna muna jira. Na roƙi direban, ya duba yarinyar, ya tayar da mota bai jira ba, Allah ya saka masa. Ba mu yi rabin hanya ba na ji ta yi nauyi a bayana. Wata mata da ke kusa da ni ta kwance ta, ta duba, ta rufe ta da mayafinta, ta ce wa direba, "Malam, juya."

Kamilu, saboda kunyar 'yar fari ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan." Har ta mutu ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Sunanta Zainabu. Ka riƙa sa ta a addu'a da sunanta.

Na san ajali ne, kuma na karɓa. Amma karɓar ƙaddara bai hana ni sanin cewa awannin da na yi ina jira nawa ne ba na kowa ba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne wannan ciwo ba ya jiran a gama shawara. In zazzaɓi ya kama ka, ko ƙirjinka ya riƙe, kada ka ce bari gari ya waye, kada ka ce bari Kawu ya dawo daga kasuwa, kada ka ce bari in ga yadda ƙwayar kemis za ta yi. Ka tashi ka tafi. In ka je aka ce ba komai, ka dawo ka yi dariya. A Kano za ka haɗu da masu magani iri-iri, a tasha, a bakin kasuwa, da lasifika, har da masu rantsuwa cewa sun raba mutane da sikila har abada. Wasu za su zo maka da ƙauna ta gaskiya, riƙe da gorar magani. Ka yi musu godiya, ka yi addu'arka, ka sha rubutunka in kana so, amma kada wani ya hana ka zuwa ƙarin jini. Kuma kada girman mutum ya rufe maka baki a kan abin da ka fi shi sani game da jikinka.

Ka fi kowa sanin yadda makon ƙarshe yake kafin a ƙara mana. Zuciya na bugawa a kunne, zuwa banɗaki kamar hawan dutse, mutane na magana kana jin su daga nesa. Ka kuma san kwanakin da ke biyo bayan ƙarin, lokacin da jiki ke yin sakayau, abinci ya yi daɗi, mutum ya ji kamar bai taɓa ciwo ba. Waɗannan kwanakin sun fi ba ni tsoro a kanka. A cikinsu ne mutum yake cewa, "Wannan watan ko ban je ba ba komai." A cikinsu ne yake daina shan ƙwayar da ke fitar da ƙarfen da yawan ƙarin jini ke tarawa a jiki, don tana tayar da zuciya. Ni na yi wasa da ita shekaru. Nakan ɓoye ta ƙarƙashin katifa in ce wa Babanka na sha. Yau likita yana cewa ƙarfen ya taɓa min zuciya da hanta, ka ji da kunnenka. Ka ga yadda ƙafafuna ke kumbura, ka ga ba na iya kwanciya sai da matashi biyu. Ka sha taka ko tana sa ka amai. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. Ka kwana cikin gidan sauro ko abokan ɗakinka za su yi maka dariya.

Sai maganar masu ba mu jini, wadda ta fi komai yi min wuyar rubutawa, domin ta shafi mutumin da za ka zauna a gidansa.

Ka san ƙa'idar: in za a ba ka leda, ana so ka kawo wanda zai bayar a madadinta. Babanka kuwa ba a ɗaukar nasa a ba mu. Sau ɗaya tak na ji ya yi ƙorafi, yana zaune a bencin nan, ya ce, "Jinina ya iya ba yaro ciwo, amma bai iya yi masa magani ba." Shi ya sa duk wata yake bin mutane, 'yan tasha, 'yan acaɓa, abokan sallah, yana roƙo da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman abin kunya.

Lokacin da ɓarin jikinka ya shanye, ana neman jini da gaggawa, Kawunka Haruna ya zo duba ka daga Kano. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Aka gwada, jininsa ya dace. Na kama hannunsa na ce, "Haruna, taimake ni." Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce bai daɗe da aure ba, an ce wanda ya ba da jini ƙarfinsa ba ya dawowa. Ya ce bari ya je ya ci abinci ya dawo. Bai dawo ba.

Wanda ya ba ka jini ranar Ɗanjuma ne, mahaucin nan ɗan Kwandiko mai tsire a bakin tashar Gwaram. Ba dangin iya ba na baba. Babanka ya faɗa a tasha, shi kuma ya rufe tukubarsa ya shigo mota. Daga nan ya mayar da abin al'ada, duk lokacin da likita ya yarda a sake ɗaukar nasa yana nan. Yakan leƙo ɗakinku ya ce, "Ɗan Malam, yau ma na kawo maka jinin mai cin nama, saura ka tashi ka yi dambe." Kana tuna shi?

Ga abin da na yi da mutanen nan biyu. Haruna na yanke shi. Shekaru ban taka gidansa ba, matarsa ta haihu ban je suna ba, in ya zo Gwaram na shiga ɗaki in ce ina barci. Ɗanjuma kuwa, wanda ya kamata in riƙe kamar ɗan'uwa, na riƙa kauce masa. In zan wuce tasha sai in bi ta bayan shaguna. Ba ƙinsa nake ba. Nauyi nake ji, kamar in muka haɗa ido zai ga matar da ba ta da abin da za ta saka masa da shi. Kullum ina cewa wata rana zan shirya in je har gida in yi godiya yadda ya kamata. Ina cikin shirin aka zo aka ce babur ya kaɗe shi a hanyar kasuwar ƙauye. Na je Kwandiko ta'aziyya, matarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce Innar Kamilu? Kullum yana maganar yaron nan. Yana cewa ko ya yi miki wani laifi ne, ba kya amsa gaisuwarsa."

Bayan wannan ne na aika wa Haruna. Ya zo, ya durƙusa a ƙofar ɗakina, mutum da gemunsa, ya ce, "Yaya, tsoro na ji. Na fita na zauna a bakin asibiti har magariba, na kasa shigowa, na kasa tafiya." Ashe shekarun nan duka yana zuwa wani asibiti a Kano yana ba da jini ga mutanen da bai sani ba, ya kasa gaya min. Shi ne da kansa ya ce a ba shi riƙonka.

To ka ji. Za ka rayu da jinin mutane, ba yadda za ka yi. Kada ka ji kunyar nema, kada kuma ka ji kunyar godiya. Wanda ya ba ka, ka san sunansa, ka gaishe shi a hanya, ka je dubiya in ya kwanta, ko da hannu wofi. Wanda ya hana ka, kada ka ƙulle shi a zuciya. Jikinsa ne, kuma ba ka san abin da ya tsorata shi ba. Sannan kada ka taɓa yi wa Kawunka gori da wannan labari, ko da ranku ya ɓaci. Ya riga ya biya da abin da ya fi jini.

Akwai laifin da na yi maka kai kanka. Bayan Zainabu, bayan shanyewar jikinka, na tsare ka kamar ƙwai. Yara na ƙwallo a fili, kana zaune kusa da ni kana tsince min shinkafa. Hadari ya haɗu, na aika a ɗauko ka daga makaranta. Abokanka za su je kallon kasuwar mako, na ce ƙura da rana. Har ka fara gemu ina taɓa goshinka a gaban baƙi. Bara, da ka fara maganar Kano na ce ba inda za ka, ka dube ni ka ce, "Inna, ni fa ba rayuwa nake ba. Jiran wata nake ya zagayo." Na yi fushi na kwana biyu ban yi maka magana ba. Fushin na gaskiyar da ka faɗa ne. Na tsare ka ne don kada in sake goya gawa, ban tsaya na tambayi me kai kake so ka yi da kwanakin da Allah ya ba ka ba. Ka yafe min.

Don haka ban ce ka je Kano ka kwanta ba. Ka koyi sana'arka da kyau har a riƙa nemanka da suna. Ka yi abokai, ka je ɗaurin aure, ka yi dariya. Ka dai san iyakarka, kuma in ka gaji ka ce ka gaji.

Wata rana za ka ga yarinyar da ta kwanta maka. Ka gaya mata ciwonka tun kafin iyaye su shiga, kuma ku je a auna jininta tun kafin zuciyarka ta yi nisa. In aka ce tana ɗauke da ko rabin abin nan, ka haƙura, komai son da kake mata. Ni da Babanka ba wanda ya auna mu kafin aure, ba mu sani ba. Ban taɓa nadamar aurensa ba, kuma ban taɓa nadamar haihuwarka ba, Allah shaida ne. Amma na riƙe ka kana ihu ana neman jijiya a hannunka, a ƙafarka, har a wuyanka, kana cewa, "Inna ki ce su bari." Kai ka sani yanzu. Ba ka da uzurin da muke da shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne wanda nake so ka yi min alkawari a kansa.

Kana wurin lokacin da likita ya ce jikina ya fara ƙin jini. Saboda yawan wanda aka ƙara min, yanzu sai a gwada leda bayan leda kafin a sami wadda za ta zauna, wani watan ma a dawo da ni ba a samu ba. Ba na son in tsorata ka, amma kai ba yaro ba ne, kuma mu biyu ba mu saba yi wa juna ƙarya a kan wannan ba. Mai yiwuwa in ga ka dawo da sallah, mai yiwuwa in ga ka buɗe shagonka. Mai yiwuwa kuma a'a.

Lokacin da kakarka ta rasu a Fagam, saƙon ya iso ne da safen ranar da za a ƙara min jini. Na riga na sa mayafi, Babanka ya tayar da mota. Ya ce, "Mu fara zuwa asibiti, in an gama in kai ki." Na ce uwata ce, ba zan kwanta ana ɗura min jini ana binne ta ba. Muka juya Fagam. Na zauna zaman makoki a kan tabarma, ina karɓar gaisuwa, ina jin zuciyata a kunne, ina cewa gobe, gobe. Kafin a yi addu'ar bakwai aka ɗauke ni a sume. Na daɗe a kwance, har aka fara kiran dangi. Kai kuma kana gida wurin maƙwabta, ranar naka ƙarin ta zo ta wuce ba wanda ya tuna, sai da ka faɗi a makaranta. Zamana a Fagam bai ƙara wa kakarka komai ba. Addu'ar da na yi mata a kan tabarma, da na yi ta a gadon asibiti da ta isa inda za ta.

Saboda haka, Kamilu, in waya ta zo maka cewa jikina ya tsananta, ko an ce na cika, kuma ya zama ranar ƙarin jininka ce ko tana gab, ka fara zuwa asibiti. Kada ka hau mota da jikin da ya ƙare. Ba za a jira ka ba, kuma na gaya wa Babanka kada a jira. Akwai masu wanka, akwai masu sallah, akwai masu ɗauka. Ka kwanta ka miƙa hannunka, ka yi min addu'a yayin da jinin ke shiga. In an sallame ka, ka huta, sannan ka taho, Babanka zai nuna maka wurin. Duk wanda ya ce ba ka kyauta ba, ka ce Innarka ce ta sa ka.

Allah ya tsare min kai, ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sauƙaƙa maka ciwo in ya zo, ya gajarta shi, ya sa ya zama kaffara. Allah ya haɗa ka da masu tausayi, ya sa kada a taɓa neman jininka a rasa. Ya yi wa duk wanda ya taɓa miƙa hannu dominmu albarka, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Ka gaida Kawunka da matarsa da yara. Na yafe maka duniya da lahira, ban riƙe ka da komai ba.

Ka sauka lafiya.

Innarka,
Rabi